Dawar da Ta Raba Mana Tukunya

Idan ka fito daga 'Yandoto ka miƙi hanyar ƙauyenmu, akwai wata gona a hannun hagu da layin gamba ya ratsa tsakiyarta, kamar wanzami ya yi mata tsaga. Gabas ta Yaya ce, yamma tawa. Da babu wannan layi. Gona ɗaya Baba ya bar mana, da rumbu ɗaya, da tukunya ɗaya da matanmu ke karɓa-karɓa a kanta. Mutanen gari sun ce taurin kaina ne ya dasa gambar nan. Su yi ta faɗa. Na gaji da bayani a majalisa ana katse ni kafin in kai ƙarshe, shi ya sa na zauna na rubuta da ɗan abin da na tsinta a firamare kafin a cire ni a kai ni gona. Takarda dai ba ta yi wa mutum ihu.

Mu biyu ne maza a gidan, ga Inna ta tsufa. Yaya shi ne mai gandu. Ni kuwa na haura arba'in, da furfura a gemu da 'ya'ya, amma Auta ake ce min, kuma da alama Auta zan mutu. Daga safe zuwa azahar dukanmu muna gandu, abin da aka samu na rumbu ne, daga nan ake auna wa mata na tuwo. Da yamma kowa ya tafi gayaunarsa, ɗan fegin da aka yanka masa. Abin da ka ga dama ka shuka a gayauna, ko barkono ko ƙaya, babu mai tambayarka. Sai dai da kaka kowa zai zaɓi zangarkun da suka fi cika ya ɗaure damin irinsa, Yaya ya hau ya jera su a saman rumbun Baba. Haka muka taras. Irin da ya kwana a rumbun nan ya zama na gida.

Maganar damina kuwa, kafin siyasa ta shigo, ba ta da gardama. Kowa ya san ta canza. Muna yara Baba yana noma maiwa, wadda sai ta sha ruwa ta ƙoshi take nuna. Yanzu ka nemi mai maiwa a ƙauyenmu ka gani. Tafkin bayan gari da muke iyo a cikinsa har bayan girbi ya koma wurin buga bulo tun ba a gama yankan dawa ba. Kaurar da muka gada, doguwa mai kara kamar gora, sau nawa tana yin ciki ruwa ya ɗauke, mu tsaya muna kallon zangarniya tana bushewa da rabin ido. Yaya da bakinsa, muna tsaye a gona, ya taɓa ce min, "Auta, damanar yanzu ba ta da alkawali." Ni ban manta ba. Shi ne ya manta.

Sai soja suka ce za su koma bariki, aka buɗe jam'iyyu. Ba zan kira sunan ko ɗaya ba, ba su cancanci tawadata ba. Yaya ya zama shugaban tamu a mazaɓa. Na bi shi, na manna hotuna a bangon gida, na sha rana a layi na dangwala inda ya ce. Ƙauye ya dare biyu. Mai shayi ɗaya ne a garin da, sai ga shi sun zama biyu, kowane da bencinsa da mutanensa. Aka yi zaɓe, kujerar kansila ta kuɓuce mana, ɗan wancan ɓangaren ya ci. Yaya ya daɗe bai ci tuwon kirki ba.

Da bazara, ana sharar gona, aka yi shela cewa malamin gona zai zo daga Gusau. Muka taru a gindin ɗorawar firamare. Ashe babur ɗinsa ya lalace, sai kansila ya ɗauko shi a cikin a-kori-kurarsa, wadda hotunan zaɓe ba su gama ɓarewa daga jikinta ba. Da na ga motar, na waiwaya na ga fuskar Yaya, na san taron nan ya mutu tun ba a yi sallama ba.

Malamin wani siririn mutum ne mai ƙaramar murya. Ya ce masu bincike a ƙasashe da dama sun daɗe suna auna zafi da ruwa, sun ga duniya tana ƙara ɗumi saboda hayaƙin injina da masana'antu da saran itace. Ya ce, "Ba cewa suka yi ruwa zai ƙare ba. Rikicewa zai yi, ya zo a makare ko ya ɗauke da wuri. Shi ya sa muka zo muku da wata dawa gajera mai saurin nuna. Amma akwai yadda ake shuka ta, ku saurara da kyau..."

Taubashina, ɗan ƙanwar Baba, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun muna yara, ya ɗaga hannu. "Malam, tsaya. Hayaƙin wa? Mu garin nan injin niƙa guda gare mu, shi ma rabin mako kwance yake. Shi ka korar muna hadari?"

Aka kwashe da dariya. Wani daga baya ya ce, "Ruwa hannun Allah yake, ba hannun Bature ba!"

Malamin ya ce, "Haka ne, ban musa ba, amma ku bari in..."

Yaya ya miƙe. Bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, motar wa ka hau? Sun ci kansila, yanzu so suke su ce ma talaka har abin da zai sa bakinshi daga hannunsu zai hito. Wagga dawar siyasa ce. Duk wanda yake namu kar ya taɓa ta."

Shi ke nan wuri ya kaure. 'Yan kansila suka tashi da nasu ihun. Wani dattijo daga cikinsu, wanda na san a ransa bai taɓa yarda da komai na boko ba, har allurar shanu, shi ne na ji yana rantsuwa cewa maganar masu bincike gaskiya ce. Babu wanda ya sake kallon malamin. Direba ya ga abin zai kai ga sanda, ya tada mota. Ni kuma ban san lokacin da na isa bayan motar ba, na cire hulata na tara. Malamin ya cika min ita da iri. Ya buɗe baki zai ce wani abu, mota ta figa.

A zaure Yaya ya tare ni. "Mi ka ɗauko?"

"Dawa."

"Ta wa?"

"Ta Allah, Yaya. Gayaunata zan sa ta."

Ya daɗe yana kallon hular. Ya san ƙa'idar gayauna. Ya ce, "Gayaunarka taka ce. Amma ka san idon gari kaina yake."

Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, muka shuka kaura a gandu da safe, da yamma na shuka gajerata. Haka Baba yake yi, dawa dawa ce, ranar da ƙasa ta jiƙa ake sa ta. Ta fito da kyau, ta tsaya iya ƙirjina. Sai damina ta ce ga ni nan. Ban taɓa ganin ruwa irin na wannan shekara ba tun ina saurayi, kamar sama ta ji gardamarmu ta shiga jam'iyyar Yaya. Gajera ta fid da kai, ta nuna a tsakiyar marka, lokacin da kowace gona a ƙasar take kore shar. Tsuntsayen Tsafe kaf suka gaya wa juna. Ga ni ƙato da gemu, na ɗaura gwangwanaye a igiya ina kaɗawa ina ihu cikin ruwa. Abin da tsuntsu ya bari, ruwa ya kwana a kansa har ya yi baƙi da hunhuna.

Taubashina ya mai da bakin gayaunata hanyarsa ta zuwa ko'ina. "Sarkin noman tsuntsaye, barka da aiki! In ka ga Bature ka gaishe shi, ka ce mishi hayaƙin nashi bai iso nan ba."

Na ce, "Gara ni, tsuntsu ya san gonata. Kai taka ko shi ya san ba wurin zuwa ba ce."

Ya yi dariya, ni ma na yi, amma cikina ba dariya. Kaurar gandu kuwa ta yi abin da ta shekara da shekaru ba ta yi ba. Ba zan ɓoye ba. Kara ya samu na danni da na dabbobi, wanda gajera ba ta da shi. Duk wanda ya dubi gonakin nan biyu a shekarar ya ce ni mahaukaci ne, ban ga laifin idonsa ba.

Na bi layi-layi na tsinci 'yan zangarkun da suka tsira, na ɗaure ɗan dami, bai fi a rungume da hannu ɗaya ba. Ranar zuba rumbu Yaya yana sama, ina miƙa masa dammunan iri ɗaya bayan ɗaya. Da na miƙa nawa, ya janye hannu.

"Wagga ba ta kwana rumbun Baba."

Na ce, "Tun yaushe anka fara tambayar iri jam'iyyarshi?"

Ya sauko. A nan na ji abin da ke cinsa. An yi taron jam'iyya a Tsafe, wani ya miƙe a gaban manya ya ce shugaban da irin kansila ke tsira a gidansa, ta yaya zai riƙe mazaɓa. Ana maganar a sauke shi. Ya ce, "Ka ba mata su daka ta a zuba ma kaji. Ka zo majalisa ka hwaɗa da bakinka malamin nan ƙarya ya yi muna. In ba haka ba, kahin sharar gona in kira dattawa a raba, kowa ya ci gabanshi."

Na ɗauki ɗan damin nawa na kai madafa, na rataye shi saman murhu inda hayaƙi zai hana ƙwari. Matata ta dube shi ta dube ni. Ta san me rabuwa take nufi. Mu ne masu ƙananan yara da yawa da hannun noma kaɗan. A gandu ko gayaunarka ta mutu, tuwonka yana nan. In aka raba, abin da ka noma shi ne naka, abin da ka rasa kuma ka rasa.

Ana cikin haka surukina ya yi rashin lafiya a wani ƙauyen Bungudu, tilas in je gaisuwa. Da motarmu ta sauke mu a tasha a Gusau, na ce yau sai na ga mutumin nan da ya sa tsuntsaye suka yi ƙiba da gumina. Na yi ta tambaya har na same shi a gindin bishiya a bakin ofishinsu, yana fama da babur ɗin nan dai. Na zayyana masa komai, ban rage ba.

Ya ce, "Yaushe ka shuka ta?"

"Da ruwan farko, tare da kaura."

Ya ajiye sifana ya dafe kai. "Abin da nake shirin faɗa ke nan aka tashi taron. Ba a sa ta da ruwan fari. Jinkirta ta ake yi sai damina ta zauna, don ta nuna daidai ɗaukewar ruwa, tare da ta kowa."

Magana guda, wadda ba ta kai a sha ruwa a ajiye moɗa ba, ita ihun gari ya cinye, ni kuma na biya da damina sukutum. Na ce, "To ruwan bana fa? Kai ka ce duniya ta yi zahi."

Ya ce, "Ban san abin da damina ɗaya za ta yi ba. Wanda duk ya ce maka ya sani, ƙarya yake. Kai tun kana yaro kake noma. Haɗa su duka ka duba, kar ka dubi ta bana kaɗai."

"Wace jam'iyya kake?"

Ya yi wata dariyar gajiya. "Mota na samu na hau, Malam. Da ta yayanka ce ta zo, ita zan hau."

Na wuce Bungudu. Surukina ɗan jam'iyyarmu ne na gani-kashe-ni, ko yana kwance hular jam'iyya tana gefen filo. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa ya jiki. Ina ɗaga kai sai na hango zangarkun gajera rataye a rufin zaurensa. Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Irin da kansilanmu ya kawo muna ne. Ai duniya ta yi zahi, hayaƙin masana'antu ya ɓata damana. Mu nan mun gane. Waɗancan jahilan ne ka cewa ƙaryar Turawa ce, don ba su sunka kawo ba."

Ashe a mazaɓarsu namu ne ya ci, kuma a motarsa irin ya shigo gari. An bar malamin ya gama maganarsa, sun jinkirta shuka, ta yi musu daidai gwargwado. Gaban suruki ba wurin dariya ba ne. Na danne har na fita bayan gida, na dafa bango na yi ta yi har hawaye. Dawa ɗaya, magana ɗaya, tsakaninmu Gusau ce kawai. A can wanda ya yarda shi ne ɗan jam'iyya na gari, a nan shi ne maci amana.

Na dawo da murna, ina ganin na samo abin da zai kashe wutar. Na sami Yaya shi kaɗai yana gyaran igiyar shanu, na ba shi labari tun daga Gusau har zauren surukina. Ya saurara har ƙarshe, wannan kam na ba shi.

Ya ce, "Bungudu daban, nan daban. Nan da motarsu ta shigo."

"Yaya, kai ka ce min damana ba ta da alkawali."

"Na hwaɗa." Ya ci gaba da murza igiya bai dube ni ba. "Auta, ko gaskiya ce, ba yanzu ba. Baki ne kawai. Ka hwaɗa a wuce wurin, wa zai bi ka ya duba zuciyarka?"

Da ya ce bai yarda ba ne, da na haƙura da shi, mutum yana da ikon ya ƙi yarda. Amma ya sani. Ya sani kamar yadda na sani, so yake in taya shi yin kamar ba mu sani ba.

Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Nono guda kunka sha. Kan abin da kaza ka tsattsaga za ku raba min gida?"

Na ce, "Inna, ba dawar ba ce. So ake in ce idona bai ga abin da ya gani ba."

Ta juya fuska bango. Wannan juyawar ta fi duk abin da aka yi min zafi.

Bayan la'asar na tafi majalisarmu. Ta cika, don labari ya zaga cewa Auta zai zo ya tuba. Taubashina har ya matsa min wuri a benci. Ban zauna ba. Na ce, "An ce in zo in hwaɗa da bakina, ga ni. Ƙuri'ata tana nan inda na sa ta, ban bi kowa ba. Hayaƙin Turawa ban gan shi ba, ban iya rantsuwa kanshi. Amma maiwa na gani ta ɓace, tabki na gani ya ƙahe, ku ma kun gani, don nan wurin munka sha hwaɗin haka kahin a raba muna benci. Ruwa na Allah ne, idon ma da ya ba ni nashi ne. Malamin nan bai yi ƙarya ba, ku kunka hana shi ƙarasawa. Gajera kuma in Allah ya kai mu zan sake shuka ta."

Babu wanda ya yi ihu. Yaya ya tashi ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ina komawa gida, sai ga 'yan kansila daga nasu bencin suna ɗago min kofi. "Alhaji Auta, taho ka sha mai kauri, ai kai namu ne yanzu!" Na ce su riƙe shayinsu. Da dawar a motar Yaya ta zo, da su ne masu cewa ƙarya ce, na gani da idona a Bungudu.

Kafin sharar gona dattawa suka zo suka taka gonar, suka sa alama. Da ruwa ya sauka aka dasa gamba. Aka auna abin da ke rumbu aka ba ni rabona. Matata ta nemo duwatsu ta kafa murhunta a ɗaya kusurwar. Ranar farko da na shigo na ga hayaƙi yana tashi wuri biyu a gida ɗaya, na koma zaure na zauna har ya lafa. Aka kai wa Inna kwano biyu. Ta ɗan taɓa wannan, ta ɗan taɓa wancan, don kada wani ya ce ta zaɓa. Haka ta yi ta yi har ta koma ga Allah, ban taɓa ganin ta cinye ko ɗaya ba.

Mun sha wuya bayan nan, ni da yarana. Akwai shekarar da muka ci tuwo sau ɗaya a yini har aka kai ga sabon gero. Gajera wata shekara ta fitar da ni, wata shekara ta ba ni kunya. Ina shuka ta, ina shuka kaura ma, don kara da kuma don ita na gada. Ba na cewa na ci gardama. Ba gardama na shiga ba tun farko, hula kawai na tara.

Yaya kuwa bai sauka daga kujerarsa ba a lokacin. Daga baya manyan suka sake lissafi, aka yi haɗaka, yanzu shi da tsohon kansilan jam'iyyarsu ɗaya, gaban mota ɗaya suke zama idan za a je Gusau. Benci biyun nan sun koma ɗaya. Gambar ce dai ba ta ji labari ba, tana nan, kowace damina sai ƙara kauri take.

Muna gaisawa. Ya ce, "Auta, an tashi lahiya?" in ce, "Lahiya lau, Yaya." Bai taɓa tambayata iri ba. Duk kaka ina ɗaure dami biyu na irin gajera in rataye a madafa, ɗaya nawa, ɗaya na wanda ya zo. In Yaya ya zo zai samu, ba zan ce masa komai ba. Amma da ƙafarsa zai tsallako gambar.